Koren Shayi da Kitsen Jini: Daga Ƙasar Sin Zuwa Butar Ataya

Da yawa daga cikin waɗanda likita ya shaida wa cewa kitsen jininsu ya hau, musamman nau'in da ake kira tiraigilisaraid, sukan koma gida su ji 'yan uwa na cewa koren shayi ne maganinsa. Wannan magana tana da dogon tarihi, kuma sanin tarihin zai taimaka wa majiyyaci ya bai wa shayin matsayin da ya dace da shi.

A ƙasar Sin aka fara shan ganyen shayi, kuma tun farko a sahun magunguna aka ajiye shi. Wajajen shekarar 760, a zamanin daular Tang, wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum kan nomansa da dafa shi. A 1211 kuma, Eisai, wani malamin addinin Buddha a Japan, ya wallafa nasa littafin yana yabon shayi a matsayin abin da ke ƙarfafa zuciya da tsawaita lafiya. Sai dai duk wannan yabo ya ginu ne a kan abin da mutane suka ji a jikinsu. A wancan zamani babu mai iya auna abin da ke gudana a cikin jini.

Shayin ya iso Maroko a ƙarni na 18, yana abin sha na fada da attajirai. A tsakiyar ƙarni na 19 ya wadata a tashoshin jiragen ruwa irin su Tanja, har talaka ya samu. Daga can ayarin raƙuma suka ratsa Sahara da shi, Buzaye suka rungume shi, ya zama atayar da ake dafawa a ƙaramar buta daga Agadas har Kano. Amma a kan hanya ya sami abokin tafiya, wato sukari. Abin da Sinawa ke sha da ɗacinsa, mu sai da aka zaƙaƙa shi ya shiga bakinmu.

Ilimin kitsen jini kuwa ɗan baya-bayan nan ne. A 1823 masanin sinadarai na Faransa, Michel Chevreul, ya bayyana yadda aka gina kitse. A 1959 ne masu bincike biyu a Jami'ar Yale ta Amurka, Margaret Albrink da Evelyn Man, suka nuna cewa masu ciwon jijiyoyin zuciya sukan kasance da tiraigilisaraid mai yawa. A yau ana ɗaukar ƙasa da miligiram 150 a kowace desilita a matsayin daidai. In ya kai 500 ko ya zarce, akwai haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, kuma ciwo ne da kan kai mutum gadon asibiti cikin gaggawa.

Da ma'auni ya samu, sai aka gwada tsohon yabon. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara gwaje-gwaje 31, ya gano cewa koren shayi na rage mugun kolestarol kaɗan, amma bai sauke tiraigilisaraid yadda za a dogara da shi ba. A ɗaya ɓangaren, an tabbatar cewa hanta na mayar da rarar sukari zuwa wannan kitse. Ke nan mai shan ataya zagaye uku da sukari cike da cokali, da niyyar magani, yana iya ƙara wa wutar itace ne. Haka abin yake ga zoɓon da aka cika wa zaƙi.

Abubuwan da aka tabbatar suna sauke wannan kitse sanannu ne: rage sukari da lemon kwalba, taƙaita farar shinkafa da burodi, barin giya, tafiyar ƙafa a kai a kai, cin kifi mai maiƙo irin su sadin, da kula da ciwon sukari. Mai ƙiba da ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa kan ga kitsen ya sauka da kusan kashi 20 cikin ɗari.

Saboda haka, wanda ke son shayinsa ya sha, amma ba sukari, kuma kada ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa dominsa. A yi hattara da ƙwayoyin da ake haɗawa daga tataccen koren shayi, domin an samu waɗanda suka yi wa hanta lahani. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su fara tuntuɓar likita. Bayan 'yan watanni a koma a sake gwajin jini, domin shi ne zai faɗi ko an samu sauƙi.