Daga Jakada zuwa Jami'in Haraji: Tarihin Masu Karɓar Kuɗin Hukuma

Duk dattijon da ya yi wayo a ƙauye kafin 1979 yana iya ba ka labarin lokacin haraji kamar jiya aka yi. Da an kawar da amfanin gona, an kai gyaɗa ko auduga kan sikeli, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dagaci. Malamin haraji ya zauna da littafinsa da damin rasit, mai unguwa na kiran sunayen magidanta, dogari na tsaye a gefe yana muzurai. Wanda ya biya ya karɓi 'yar takardarsa ya adana ta a aljihun 'yar ciki, domin ita ce shaidarsa in ya fita cin rani. Wanda bai samu ba kuwa, ko ya sayar da akuya, ko ya shiga wasan ɓuya.

An sha rubutu a kan wahalar mai biya. Mutumin da ke zaune da littafin nan kuwa, ba a cika tambayar daga ina ya fito ba, wa ya koya masa aikin, kuma wa ke ciyar da shi. Alhali kuwa tarihin haraji a ƙasar nan kusan duk a kan tambayar ƙarshen nan yake juyawa.

Haraji ya girmi Turawa a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali daga Fulani. Ya kuma ba da labarin Sarki Kumbari, wanda ya matsa wa Kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe a kansu a littafinsa Kitabul Farƙi. Bayan jihadi an tsayar da zakka, amma kuɗin ƙasa da kuɗin karofi da sauran harajin sana'a ba su ɓace ba. Da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 a shekara.

Wanda ke haɗa wannan dukiya shi ne jakada. Hakimai a birni suke zaune kusa da sarki, garuruwan da aka ba kowannensu kuma a warwatse suke, wani gabas wani yamma. Don haka sai hakimi ya aiki yaronsa ko bawansa ya je ya karɓo. Ba a ɗaukar jakada aiki da takarda, ba makarantar da ya shiga. Abin da ya kai shi matsayin shi ne barantaka da amincewar ubangidansa, horonsa kuma bin wani jakadan da ya girme shi. Ba shi da albashi. A cikin abin da ya tara yake ci, garin da ya sauka su ciyar da shi da dokinsa, su yi masa gaisuwa. Dagaci ya cire nasa, jakada ya cire nasa, hakimi ya cire nasa, abin da ya saura ya isa fada. Tsarin yana aiki, tun da ya riƙe masarautu shekaru aru-aru, amma ba wanda zai iya gaya maka nawa talaka ya fitar, nawa kuma ya iso.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tarar da ƙasa mai faɗi, su kuma ba su da yawa, aljihunsu ba nauyi. Gwamna Lugga ya fitar da dokar haraji a 1904, ya sake ƙarfafa ta a 1906, inda aka dunƙule harajin gargajiya iri-iri wuri guda, aka raba abin da aka tara tsakanin gwamnati da sarakuna. Sannan aka juyo kan jakadu. A Kano, Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya matsa aka harhaɗa garuruwa zuwa gundumomi, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya je ya zauna a cikin mutanensa. Manufar ita ce a cire jakada daga tsakani. Sai dai jakadu da yawa ba su tafi ko'ina ba. Sun bi iyayengijinsu zuwa gunduma, sun ci gaba da aikin da suka saba, sunan kawai aka daina kira.

Babban sauyin ya zo ne daga Katsina. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Bature Palmer ya shawo kan fada aka kafa Baitulmali, inda rabon masarauta zai riƙa shiga, a riƙa biyan sarki da alƙalai da sauran ma'aikata albashi tsayayye. Zuwa 1911 gwamnati ta amince da tsarin, ya bazu zuwa sauran masarautu. Daga nan aka fara samun abin da za a kira ma'aikacin haraji a ma'anarsa ta yau: mutumin da ake biyansa don ya tara, abin da ya tara kuma ba nasa ba ne. Ma'aji ya zama mai riƙe da makulli da littafi, ana yin kasafin kuɗi duk shekara, Di'o, wato jami'in mulki na Turawa, na zuwa yana duba lissafi.

Littafi kuwa yana buƙatar mai rubutu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka buɗe makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909, ƙarƙashin Hanns Vischer. Akwai ajin 'ya'yan sarakuna, akwai kuma ajin malamai, mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu boko da lissafi. Daga cikinsu aka samu malaman hakimai da akawunan Baitulmali da malaman taki. Su malaman taki aikinsu auna gona da taku, a ƙiyasta faɗinta, a yanka mata haraji. Ga alama hanya ce ta adalci, tun da mai babbar gona shi zai fi biya. Amma alƙalamin da ke rubuta faɗin gona yana hannun mutum mai ɗan ƙaramin albashi, shi kaɗai a daji da manomi. Ba a jima ba rahotannin Turawan da kansu suka cika da ƙorafin gonakin da suka ƙanƙance a takarda bayan an gaisa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka abin yake a ƙidayar shanu, inda makiyayi ke kora garke cikin daji da ya ji malamin jangali na tafe, in kuma an rutsa shi a daidaita a gindin bishiya.

Zaman ma'aikacin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, da shugabanninsa bai yi nisa da zaman jakada da ubangidansa ba. Albashi daga Baitulmali yake fitowa, amma samun aikin da ƙarin girma da tsira daga kora duk suna hannun sarki da 'yan majalisarsa. Wanda ya ga ɓarna a littafi ya san cewa faɗinta na iya raba shi da abincinsa. Dagatai kuma kaso ake ba su daga abin da suka tara, sai ya zama ƙaruwar dagaci tana cikin matsa wa mutanensa. In kuɗi suka yi giɓi, rawaninsa ne a kan siraɗi, don cin kuɗin haraji na cikin laifuffukan da aka fi tuɓe dagatai da hakimai a kansu.

Wannan hali na cikin abin da ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. A shekarar ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU, wadda ta mayar da zaluncin haraji da jangali babban makaminta. Amsar da hukuma ta bayar ita ce horo. Makarantar koyon aikin akawu da aka buɗe a Zariya bayan yaƙin duniya na biyu aka ɗaukaka ta a 1954 ta zama cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo, inda ma'aji da akawu da magatakarda, har da hakimai, suka riƙa zuwa kwas. Daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Horon ya gyara rubutun littafi, amma bai sauya wanda ma'aikaci ke tsoro ba. Binciken da Bature Muffett ya yi wa kuɗin En'e ta Kano a 1962, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ya nuna cewa ko Baitulmali mafi ƙarfi a Arewa bai fi ƙarfin fada da siyasa ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. A 1979 kuma gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Talakawa suka yi murna, kuma suna da hujja. Amma tare da tabarmar ƙofar dagaci aka naɗe wani ilimi da aka yi shekara saba'in ana tarawa, na sanin kowane gida da abin da mai gidan ke samu. Kuɗin man fetur sun riga sun fara kwarara, ba wanda ya damu ya gina wani abu a madadinsa.

A ɓangaren tarayya labarin ya bi wata hanya dabam. Sashen harajin cikin gida na Nijeriya ya tsaya da ƙafarsa a 1943, aka kafa masa hukumar gudanarwa da dokar 1958, sannan a 1961 aka samar da hukumar haɗin gwiwa da ke daidaita harajin mutane tsakanin jihohi. Aikin nan ya sha bamban da ƙidayar kawuna, domin duba littattafan kamfanoni ne, yana buƙatar akanta da masanin doka. Duk da haka, shekaru da yawa sashen yana zaune a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi kamar kowane ofishin gwamnati. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya ce ke ɗauka, ita ke ƙarin girma, ita ke ladabtarwa, albashi kuma daidai da na kowa. Sai ka ga jami'in da ke binciken kamfani mai ribar miliyoyi yana jiran motar haya, akantan kamfanin da ke gabansa kuwa ya ninka shi albashi sau da yawa. Wasu ƙwararrun suka tsallaka zuwa kamfanonin, wasu suka zauna suka koyi daidaitawa irin ta malaman taki.

Masu sana'ar da kansu suka fara neman mafita. A 1982 suka kafa cibiyar ƙwararrun masana haraji, wadda ta samu amincewar doka a 1992, ta zama mai shirya jarrabawa da ba da shaidar ƙwarewa. A 1993 aka samar da FIRS a matsayin hannun hukumar harajin tarayya da ke aiwatar da aiki, aka kawo harajin VAT, aka kuma yi dokar da ta tanadi hukumar haraji a kowace jiha. Sai dai a daidai lokacin ne gwamnonin soja suka riƙa ba 'yan kwangila aikin tara kuɗin shiga a kan kamasho, su kuma suka ɗebo majiya ƙarfi suna rufe shaguna da tare hanya. Jakada ya dawo ke nan, da kwat da jakar hannu. Abin ya yi ƙamari har aka yi doka a 1998 wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati ke da ikon karɓa, ta hana wanda ba hukumar haraji ba karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya don tara kuɗi.

Gyaran da ya taɓa ma'aikaci kai tsaye ya fara ne da naɗa Ifueko Omoigui shugabar FIRS a 2004. Aka sake fasalin ofisoshi, aka ware na manyan masu biya, aka mayar da biyan kuɗi ta banki don a raba jami'i da tsabar kuɗi. Dokar 2007 ta cire hukumar daga cikin aikin gwamnati na gama-gari, ta ba ta ikon ɗaukar ma'aikatanta da horar da su da tsara albashinsu. Ta kuma ba ta damar riƙe wani kaso na harajin da ba na mai ba don gudanar da aikinta, wanda aka tsayar a kashi 4 cikin 100. Abin da ake tarawa ya tashi daga wajen naira tiriliyan 1.2 a 2004 zuwa tiriliyan 4.6 a 2011, ko da yake tsadar mai ta taimaka. Jihohi suka bi sahu. Kaduna ta yi doka a 2016 da ta haɗe karɓar kuɗin shiga a hannun hukuma ɗaya, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin da suka maye gurbin FIRS da sabuwar hukuma mai suna NRS, suka fara aiki a Janairun 2026.

Wanda ya lura zai ga cewa kashi huɗun nan ɗan'uwan rabon jakada ne: mai tarawa na ci daga abin da ya tara. Bambancin shi ne wannan a rubuce yake, hukuma ce ke karɓa, ana iya bincikarsa. Ya kuma zo da tasa matsalar. Tun da albashin ya yi kyau, aikin haraji ya zama abin da manya ke nema wa 'ya'yansu, ana ta ƙorafin ɗauka ta bayan fage. In takardar wani babba ce ta shigo da jami'i, to biyayyarsa na wurin babban, komai yawan kwas ɗin da aka tura shi.

A can ƙasa kuwa, a kasuwar ƙauye da tashar mota da karar shanu, har yau za ka tarar da saurayi riƙe da damin rasit, ba albashi, ba horo, ba fansho, an ce ya kawo kaza a sati, abin da ya hau nasa ne. Shi ne fuskar haraji da mai tallan tumatir ta sani, ba jami'in da ke gaban kwamfuta a Abuja ba. Fiye da shekara ɗari da Palmer da Sarki Dikko suka yanke shawarar a sa mai karɓa a kan albashi, har yanzu shawarar ba ta iso wurin wannan saurayi ba.