Sojojin Kanada da Aka Tura Kare Hong Kong a 1941

Ranar 27 ga Oktoba, 1941, jiragen ruwa biyu suka tashi daga Vancouver ɗauke da sojojin Kanada 1,975, suka nufi Hong Kong, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Bataliya biyu ce, Royal Rifles da Winnipeg Grenadiers. Ta farko gadi ta yi a Newfoundland, ta biyu a Jamaika, kuma babu wadda ta taɓa jin ƙarar harsashin maƙiyi.

Tun farkon shekarar Firayim Ministan Birtaniya Churchill ya faɗa wa hafsoshinsa cewa idan Japan ta kawo hari, ba za a iya riƙe Hong Kong ba. Duk da haka Landan ta nemi ƙarin dakaru don razana Japan, gwamnatin Kanada kuwa ta amsa. An ɗauka za su samu lokacin atisaye idan sun isa, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Motocinsu ma sama da 200 a Manila suka maƙale.

Sun sauka ranar 16 ga Nuwamba. Ranar 8 ga Disamba Japan ta afka wa yankin, daren 18 ga wata kuma dakarunta suka tsallaka zuwa tsibirin Hong Kong. Washegari aka yi wa hedikwatar kwamandan sojojin Kanada, Birgediya John Lawson, ƙawanya a mashigin Wong Nai Chung. Ya sanar da na sama da shi ta waya cewa zai fita ya yi faɗa, ya fita, aka kashe shi. A ranar ce kuma Saje Manjo John Osborn ya yi ta tsintar gurnetin da ake jefo musu yana mayarwa. Da ɗaya ya faɗi inda ba zai iya ɗauka ba, sai ya kwanta a kansa don yaransa su tsira. An ba shi lambar Victoria Cross bayan rasuwarsa.

Ranar Kirsimeti Gwamnan Hong Kong Mark Young ya miƙa wuya. Sojojin Kanada 290 suka mutu a fagen daga. Sama da 260 kuma yunwa, cuta da aikin bauta suka kashe su a sansanonin fursuna, wasu a ma'adinai da masana'antun jiragen ruwa na Japan. Sai a Disambar 2011 Japan ta nemi afuwar waɗanda suka rage.

Waɗannan samari sun sauke nauyin da aka ɗora musu. Alhakin jininsu yana wuyan shugabannin da suka san gaskiyar lamarin, amma suka tura su.