Kakar Wasannin Ƙungiyar Makaɗan Filhamonik ta Vienna: Tarihi da Tsarinta

Ƙungiyar Makaɗan Filhamonik ta Vienna, babban birnin ƙasar Ostiriya, tana cikin ƙungiyoyin kiɗan gargajiyar Turai mafi shahara a duniya. Abin da ya bambanta ta da takwarorinta shi ne makaɗan ne ke mulkin kansu. Su ke zaɓen shugabanninsu ta hanyar ƙuri'a, su ke tsara kakar wasanninsu, kuma su ke gayyatar madugun da zai tsaya a gabansu. Wannan tsari ya taimaka mata wajen riƙe salonta fiye da shekara 180, haka kuma shi ya sa sauye-sauye suka riƙa zuwa mata a makare.

Yadda ƙungiyar take

Irin wannan ƙungiya, wadda ake kira okestira, takan tara makaɗa kusan ɗari a dandali ɗaya. An kasa su gida huɗu: masu kayan tsirkiya irin na goge manya da ƙanana, masu busa sarewa da danginta, masu busa ƙaho na tagulla, sai masu ganguna da sauran kayan bugawa. Kowa na bin rubutaccen kiɗan da ke gabansa, madugu kuma yana daidaita sauri da ƙarfin sauti da motsin hannunsa. Babban abin da suke kaɗawa shi ne simfoni, wato dogon kiɗa wanda galibi babu waƙa a cikinsa, kuma yawanci yana da sassa huɗu.

Ba a shiga ƙungiyar Vienna kai tsaye. Sai makaɗi ya ci jarrabawar shiga ƙungiyar makaɗan Gidan Ofera na Gwamnati da ke birnin, ya yi aiki a can na aƙalla shekara uku, sannan ya nemi zama mamba. Saboda haka mutane ɗaya ne ke kiɗa a gidan ofera da dare, suke kuma gudanar da wasannin Filhamonik a matsayin ƙungiya mai zaman kanta.

Asali

Otto Nicolai, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, shi ya jagoranci wasan farko a ranar 28 ga Maris, 1842. A shekarar 1860 aka fara jerin wasannin da mai kallo ke biyan kuɗinsu na kaka guda gaba ɗaya, kuma su ne ginshiƙin kakar har yau. A 1870 ƙungiyar ta koma ginin Musikverein, inda babban zauren da ake kira Zauren Zinariya ke ɗauke da kujeru 1,744 da wurin tsayuwa na kimanin mutum 300. Masana suna lissafa shi cikin zaurukan da sauti ya fi fita da kyau a duniya.

A zamanin madugu Hans Richter ne ƙungiyar ta fara kaɗa simfoni na biyu na Johannes Brahms a 1877, da na uku a 1883, da kuma na takwas na Anton Bruckner a 1892. Gustav Mahler ya riƙe ragamar daga 1898 zuwa 1901. Tun daga 1933 kuwa ƙungiyar ta daina naɗa madugu na dindindin, ta koma gayyatar baƙi daga ƙasashe daban-daban.

Tsarin kaka

Kakar tana farawa bayan hutun bazarar Turai, ta ƙare a watan Yuni. A cikinta akwai wasanni goma na masu tikitin kaka, waɗanda ake yi da yammacin Asabar a maimaita da hantsin Lahadi. Masu neman wannan tikiti sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, don haka mutum kan yi shekaru yana jiran layi ya zo kansa. Ana kuma keɓe wasa ɗaya kowace shekara don tunawa da Nicolai.

Tsakanin waɗannan wasanni ƙungiyar takan yi rangadi zuwa ƙasashe irin su Japan da Amurka. Tun 2004 take yin wasa kyauta a farkon bazara a lambun Fadar Schönbrunn, inda dubban jama'a ke taruwa a fili. A watannin Yuli da Agusta kuma takan koma birnin Salzburg, mahaifar Mozart, don bikin kiɗa na shekara-shekara, wanda ta fara halarta a 1922.

Wasan Sabuwar Shekara

Wasan da duniya ta fi sani shi ne na ranar 1 ga Janairu, wanda ake watsawa ta talabijin zuwa ƙasashe fiye da 90. Mafi yawan abin da ake kaɗawa kiɗan rawa ne na zuriyar Strauss. Bisa al'ada ana rufewa da kiɗan da Johann Strauss ƙarami ya tsara kan kogin Danube, sannan da kiɗan faretin Radetzky na mahaifinsa, wanda 'yan kallo ke raka shi da tafi. Ana gabatar da shirin sau uku, ranakun 30 da 31 ga Disamba da 1 ga Janairu, kuma ta hanyar ƙuri'a ake raba tikiti saboda yawan masu nema.

Willi Boskovsky ya jagoranci wasan daga 1955 zuwa 1979, Lorin Maazel ya karɓa daga 1980 zuwa 1986. Daga 1987, shekarar da Herbert von Karajan ya jagoranta, ake sauya madugu kowace shekara. A 2021 Riccardo Muti ya jagoranci wasan a zauren da babu ɗan kallo ko ɗaya, saboda annobar korona.

Tabon tarihi da batun mata

An fara wasan Sabuwar Shekara ne a ranar 31 ga Disamba, 1939, ƙarƙashin Clemens Krauss, lokacin da Ostiriya ke hannun gwamnatin Nazi ta Jamus. Bayan shekaru ana sukar ƙungiyar da rufe wannan babi, a 2013 ta wallafa binciken masana tarihi da ta buɗe wa ɗakin ajiyar takardunta. Binciken ya nuna cewa an kori makaɗa 13 a 1938 saboda su Yahudawa ne ko kuma suna auren Yahudawa, kuma a 1942 mutum 60 cikin makaɗa 123 'yan jam'iyyar Nazi ne. Wasu daga cikin Yahudawan ƙungiyar sun mutu a sansanonin da aka kai su.

Haka nan sai a 1997 mambobi suka amince mace ta zama cikakkiyar mamba. Ta farko ita ce Anna Lelkes, mai kaɗa garayar Turawa, wadda ta yi fiye da shekara ashirin tana kiɗa tare da su ba tare da wannan matsayi ba. Simone Young ta ƙasar Ostareliya ta jagoranci ƙungiyar a 2005. A wasan Sabuwar Shekara na 2025 ne aka fara sanya kiɗan da mace ta tsara, wato Constanze Geiger, ƙarƙashin jagorancin Muti.

Duk da waɗannan sauye-sauye, ƙungiyar tana riƙe da wasu kayan busa na musamman da aka san Vienna da su, musamman ƙahonta da algaitarta, waɗanda ƙirarsu ta bambanta da ta sauran ƙasashe. Sunanta kuma ya wuce dandalin kiɗa, domin tun 1989 gidan buga kuɗi na Ostiriya ke fitar da tsabar zinariya mai ɗauke da sunan ƙungiyar da hoton kayan kiɗanta.