Tarihin farmi, takardar tuƙin mota

Kun sha ganin jandarma ya tsai da mota a hanyar Maraɗi ko ta Damagaram, ya ce wa direba: "Kawo farmi." Kalmar nan daga Faransanci muka aro ta. Ita ma takardar daga Faransa ta zo mana. Ku ji yadda ta faro.

A shekarar 1893, motoci kaɗan ne a birnin Pari. Duk da haka shugaban ƴan sandan birnin, wani mai suna Lepin, ya kafa doka. Ya ce ba mai tuƙa mota sai ya kai shekara 21, kuma sai an gwada shi an ba shi takarda. A cikin gari kada gudu ya wuce kilomita 12 a awa. Ko mai keke yana wuce haka! A 1899 dokar takarda ta game ƙasar duka. A 1922 aka sa mata sunan farmi, aka mai da shekarun 18.

To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Mutum ya ci jarrabawa sau ɗaya, yana saurayi, sai ya ɗauka shi ke nan har tsufa. Motoci suka yi yawa, gudu ya ƙaru. A 1972 kaɗai, mutum fiye da 16,000 suka mutu a hanyoyin Faransa. Ku ƙiyasta, mutanen gari guda ke nan.

Shi ya sa a 1992 gwamnati ta kawo farmi mai maki. Kowane direba an ba shi maki 6. In ya yi laifi, a rage masa. In makin ya ƙare, farmi ya mutu, sai ya koma ya sake jarrabawa. Direbobin manyan motoci ba su yarda ba. Suka tare hanyoyi kwana da kwanaki, suna cewa da farmi suke ci da iyalinsu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Gwamnati ta mai da makin 12, amma ba ta janye dokar ba.

A 2013 waɗanda suka mutu ba su kai 3,300 ba. Ba aikin farmi kaɗai ba ne: an tilasta ɗaura bel tun 1973, an kuma kafa na'urorin kama masu gudu. Tun 2004, sabon direba da maki 6 yake farawa. Sai ya yi shekara 3 ba laifi kafin ya kai 12.