Ramin Mayaƙan Napoliyon a Birnin Filniyus

A ƙarshen shekarar 2001 waɗansu ma'aikata suna haƙa a filin wani tsohon barikin sojan Rasha a Filniyus, babban birnin ƙasar Lituwaniya ta Turai, domin za a gina gidajen kwana a wurin. Ba su yi nisa ba sai ga ƙasusuwan mutane jibge, wani bisa wani. Da fari aka zaci waɗanda aka kashe ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ko kuwa lokacin mulkin Rasha. Amma da masana suka tankaɗe ƙasar, sai suka sami aninan rigunan soja masu lamba, da kuɗi masu hoton Napoliyon, Sarkin Faransa. Ashe gawawwakin sun kusa shekara 190 a kwance.

To, ga yadda suka zo nan. A watan Yuni na 1812 Napoliyon ya tasam ma Rasha da runduna wadda ta haura mutum 400,000, ya bi ta Filniyus. Ya shiga Mosko cikin Satumba, amma gobara ta cinye yawancin birnin, Sarkin Rasha kuwa ya ƙi sulhu. Cikin Oktoba tilas ya juyo. Tafiyar ta fi mil 500, ga dusar ƙanƙara, ga yunwa, ga mahayan Rasha na bin sawu. Ran 5 ga Disamba ya bar mutanensa, ya nufi Faris. Bayan 'yan kwanaki ragowar suka iso Filniyus a galabaice, suna tsammanin sun tsira. Ina! Dubbai suka mutu a kan hanyoyi da ɗakunan jinya, kafin Rashawa su karɓe garin da kuma bayan haka.

Sanyi ya sa ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa. Saboda haka aka zuba gawawwakin cikin gwalalon da Faransawa da kansu suka haƙa don tsaron garin 'yan watanni kafin nan.

An ƙidaya fiye da mutum 3,000 a ramin, yawancinsu samari, da mata kaɗan, har da dawakai. Abin mamaki, kaɗan ne aka ga alamar makami a jikinsu. Likitoci suka bincika haƙoran waɗansu, da ragowar ƙwarƙwata da aka tsinta cikin tsummokaran rigunansu, suka sami alamar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Watau sanyi da yunwa da wannan ɗan ƙwaro da muke rainawa sun yi wa rundunar ɓarnar da igwa ba ta yi ba.

A watan Yuni na 2003 aka sake binne su da girmamawar soja a maƙabartar Antakalnis, cikin birnin, wakilan Faransa da na Lituwaniya suna tsaye.