Shaidar Busassun Ganye: Tarihin Cutar Ruɓewar Dankali

Wari na fara ji kafin in ga gonar. Wata safiya ce ta watan Yuli a wani ƙauye kusa da Bokkos a Jihar Filato, hazo bai gama sauka daga kan duwatsu ba. Dankalin Turawan da aka ce mini kore shar yake mako guda kafin zuwana ya kwanta a kan kunya, ganyensa ya yi baƙi kamar an babbake shi. Dattijon da ke da gonar ya tono ɗaya ya tsaga, sai ga cikinsa ya yi ja-ja, ya fara ruɓewa. Ya ce, "Ruwa ne ya ƙone shi, ɗana." Ban yi masa gardama ba, domin abin da John Lindley, babban masanin tsirrai na Ingila, ya faɗa ke nan a 1845.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Halittar da ke haddasa cutar, wadda Bajamushe Anton de Bary ya raɗa wa suna Phytophthora infestans a 1876, kama take da fumfuna, amma danginta na kusa gansakukar teku ce. Iska kan ɗauki 'yan mitsitsin jakunkunanta daga gona zuwa gona. In jaka ta sauka a kan jiƙaƙƙen ganye cikin sanyi, sai ta fashe ta saki ƙwayoyi masu jela biyu, su yi iyo cikin raɓa har su sami inda za su huda. Cikin kwana huɗu ko biyar tabon ya haifi sababbin jakunkuna, ruwan sama ya wanke su zuwa ƙasa, su cimma dankalin da ke binne.

An fara ganin ɓarnarta a 1843 a gabashin Amurka, kusa da tashoshin jiragen ruwa na Filadelfiya da New York. A watan Yunin 1845 ta ɓulla a Beljiyam, kafin Satumba ta ƙare ta shiga tsibirin Ayilan. A can ta tarar da mutum sama da miliyan 8, kusan miliyan 3 daga cikinsu ba su da wani abinci sai dankali, galibi kuma iri ɗaya ne mai suna Lumper, wanda talaka ya so saboda yana yin albarka ko a ƙasa mara ƙarfi. A nan ne gizo ke saƙar. Dankali ɗansa ake binnewa, don haka kowane tsiro kwafin uwarsa ne, kuma raunin da ke jikin ɗaya yana jikin dukkansu. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu fiye da miliyan 1 suka yi hijira. Ba na ɗora wa cutar alhakin waɗannan rayuka duka. Ita dankali ta kashe. Hatsi da dabbobi kuwa an ci gaba da lodinsu a jirage zuwa Ingila a shekarun da mutane ke faɗuwa a bakin hanya.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne yadda aka gano mai laifin bayan shekara ɗari da hamsin. Masanan ƙarni na 19 suna da wata ɗabi'a da za a iya ɗauka ɓata lokaci ce: su tsinki ganye, su danne shi a takarda har ya bushe, su rubuta rana da wurin da aka samo shi, su ajiye. Har ganyen da cuta ta ci ba su zubar ba. An daɗe ana zaton zuriyar cutar da ake kira US-1, wadda ta mamaye duniya a yawancin ƙarni na 20, ita ce ta jawo yunwar Ayilan. A 2001 Jean Ristaino ta Jami'ar Jihar North Carolina ta binciki irin waɗannan busassun ganye, ta nuna cewa ba ita ba ce. A 2013 wani rukunin masana ya karanta kundin ƙwayoyin halittar cutar daga tsofaffin ganye 11 da ke ajiye a lambun Kew na Landan da kuma birnin Munik, suka tarar da wata zuriya dabam, suka kira ta HERB-1. Ganyen da aka tsinka a ƙasashe daban-daban, wasu da tazarar shekara hamsin tsakaninsu, duk zuriya guda suka nuna. Ashe kwafi ne ya haɗu da kwafi: cuta iri ɗaya, dankali iri ɗaya.

Me ya hana ta rarrabuwa? Aure ne ba ta samu ba. Halittar tana da jinsi biyu, A1 da A2, kuma sai sun haɗu a kan tsiro ɗaya take yin ƙwai mai kaurin ɓawo, wanda ke iya shekaru a cikin ƙasa, ya kuma haifi 'ya'ya masu sabuwar gaurayar halitta. Wadda ta fita duniya a ƙarni na 19 jinsin A1 ce kaɗai. Inda jinsin biyu ke zaune tare tun fil azal shi ne kwarin Toluca a tsaunukan Meziko, tsakanin dangin dankali na daji, shi ya sa masana da dama ke ganin can ne mahaifarta, ko da yake wasu na nuna tsaunukan Andis na Kudancin Amurka.

Fari ne ya buɗe ƙofa ta biyu. A 1976 dankalin Turai ya gaza saboda ƙarancin ruwa, aka sayo mai yawa daga Meziko, kuma yawancin masana na ganin ta wannan hanyar sababbin zuriyoyi suka shigo. A farkon shekarun 1980 aka ga A2 a Suwizalan. Tun daga nan US-1 ta fara ja da baya, zuriya na ture zuriya. Wadda ake kira 13_A2 ta bayyana a Birtaniya a 2005, zuwa 2008 ta kai kashi uku cikin huɗu na samfuran da aka gwada a ƙasar, ga ta da zafin kamu, ga shi maganin feshi na metalaksil ba ya yi mata komai.

Wannan ya dawo da ni Filato, inda sanyi da yayyafin damina suka dace da dankali kamar yadda suka dace da maƙiyinsa. A 2019 masana suka ba da rahoton samun zuriyar EU_33_A2 a dankalin jihar, zuriyar da a Holan aka fara saninta. Jakunkunan cutar ba sa jure zafin rana na 'yan sa'o'i, balle su tsallake Sahara a kan iska. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne a cikin buhun iri ta zo, tana kwance a jikin dankalin da ido ke gani lafiya lau. Abin da ke damuna shi ne cutar ta koyi sauya kama, mu kuwa har yanzu 'yan ire-ire kaɗan muke shukawa, irin su Nicola da Marabel, kunya bayan kunya, ƙauye bayan ƙauye.

Kafin in bar gonar, na ga dattijon da jikokinsa suna tone abin da ya saura. Ruɓaɓɓun suka tara a gefen kunya, inda ruwan daren zai sake bi ta kansu. Ƙananan da ba su nuna tabo ba kuwa yana goge su da bakin rigarsa ɗaya bayan ɗaya, yana jefawa a kwando. Na tambaye shi na mene ne, ya ce irin baɗi.