Itacen Girki da Jadawalin Makamashi Mai Sabuntuwa

Wani ra'ayi ya fara samun gindin zama a rubuce-rubucen wasu masana, wai Afirka ta yi wa Turai fintinkau a fagen makamashi mai sabuntuwa. Madogararsu ita ce jadawalin Bankin Duniya (ma'auni na 7.2.1, Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, 2015), inda Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta haura kashi 90 cikin ɗari, Najeriya ke wajen kashi 80, Jamus kuwa ba ta kai 25 ba. Alƙaluman daidai suke. Fassarar da ake yi musu ce, a ganina, ke buƙatar gyara.

Ma'aunin yana ƙidaya itacen girki, gawayi, kara da kashin shanu. Saboda haka abin da ya ɗaga Najeriya ya fi kusa da murhu mai duwatsu uku, da matar da ke durƙushe tana hura shi hayaƙi na cin idonta, fiye da madatsar Kainji ko ta Shiroro. Irin wannan murhu kuma yana zubar da mafi yawan zafin itacen a banza, ga shi duk abin da aka ƙona ana lissafa shi. Gidan da ya koma girki da gas ya huta da hayaƙi, amma ya rage wa ƙasarsa maki.

Masu wancan ra'ayi suna da amsa, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa itace na sake tsirowa, kwal da fetur ba sa yi. Me zai sa a yaba wa Turawa don sun ƙona itace a tashoshin lantarki, a raina na talaka? Sukan kawo misalin Maraɗi da Damagaram, inda tun shekarun 1980 manoma ke barin kututture ya tofo a gona, har gawo ya sake yawaita. Wannan gaskiya ne, kuma ƙorafinsu kan son kai na da ƙarfi. Sai dai sabuntuwar itace ta dogara ne kan ko tsiro na cim ma sara, jadawalin kuwa bai auna haka ba. Reshen da manomi ya sassabe a gonarsa da lodin motar da aka kwashe daga daji zuwa Kano ko Yamai, duk ɗaya ya ɗauke su. Bai kuma san da mutum miliyan 3.2 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe a 2020 ba.

Iyakar abin da hujja ta ba ni damar faɗa ke nan: wannan ma'auni, shi kaɗai, bai isa a jera ƙasashe da shi ba sai an ware itacen gargajiya gefe. Ko an koma kan lantarki zalla ma da sauran rina a kaba, domin kusan duk wutar Kwango daga ruwa take, musamman madatsun Inga, amma kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke samunta.